Baffa a Saman Ƙarfen Sabis

Na yi wauta iri-iri a ƙuruciya, wasu ma in aka tuna mini su yanzu sai na yi dogon tunani kafin in ce e, an yi haka. Amma akwai wata yamma guda cikin watan azumi, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Lafiya, wadda ko na tsufa na rikice ba na jin za ta fita daga kaina. A yammar ce na kusa kashe mutum sa'an mahaifina, kuma ban taɓa shi da ko yatsa ba. Bakina na sa, da kuma wani shiru da na yi a inda ya kamata in yi magana.

Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Sana'ata kafa eriyar talabijin. A lokacin duk mai talabijin a garin nan sai ya nemi irinmu mu haɗa masa fayif uku ko huɗu, mu ɗaga eriya sama, mu yi ta juya ta har hoto ya fito daga Jos ko Makurɗi. Da haka na saba da hawa, tsoron sama ya fita daga raina. Da masu waya suka fara kafa ƙarafan sabis, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni aikin fenti a wani sabon ƙarfe da ke bayan Akurba, a bakin gonakin doya. Ja da fari nake shafawa, daga sama zuwa ƙasa. Tsawonsa ya kai a ɗora giginya huɗu ko biyar kan juna.

Ina da ɗan shago a bakin hanya inda nake ajiye fayif da waya, kuma akwai mutum biyu da kusan kullum sai sun zauna a bencin ƙofarsa. Na farko wani Bafillace ne da ya daina yawon kiwo ya zauna a bayan unguwarmu da iyalinsa da 'yan shanunsa. Kowa Baffa yake ce masa. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da malfa da sanda, kuma an san shi da cewa a zamanin ƙarfinsa ya sha ƙetare kogin Binuwai da shanu, riƙe da wutsiyar bijimi. Na biyu malamin firamare ne, Tibi, Kirista, yana da gonar lemu wajen Agyaragu. Ticha muke ce masa. Su biyun nan abokai ne na gaske, amma ban taɓa ganin sun rabu ba tare da sun yi gardama ba. A azumin shekarar nan Ticha ya riƙa kawo mana lemu don buɗa-baki, kuma lemun ne ya jawo maganar.

Ya ɗaga guda ɗaya ya ce haka duniya take, dunƙulalliya, mu kuma muna manne a bayanta. Baffa ya yi dariya har malfarsa ta karkace. Ya ce shi da ƙafarsa ya koro shanu tun daga ƙasar Katsina har ƙetaren Binuwai, bai taɓa jin ya fara gangarawa ta gefe ba. Ya ce Ticha ya kifa ƙwarya ya zuba mata nono a baya, in nonon ya zauna shi ma zai yarda kogi yana zaune a bayan lemu. Ticha ya yi ta bayanin wani ƙarfi da ke jawo komai zuwa tsakiya, Baffa ya ce shi ƙarfin da bai taɓa jan saniyarsa ba bai san shi ba.

Gaskiya ni ba ni da ɓangare. In Baffa ya yi magana sai in ga da gaskiyarsa, in Ticha ya karɓa sai in ga shi ma bai yi ƙarya ba. Abin ya daɗe yana yi mini yawo a kai ta wajen sana'ata. Me ya sa in na ƙara fayif ɗaya hoto yake washewa? Ticha ya ce bayan duniya ne ya yi tozo tsakaninmu da Jos. Baffa ya ce duwatsun Eggon ne, ga su nan kowa yana gani.

Yanzu bari in faɗi laifina na farko. Ina jin haushin Baffa. Ba wani babban abu ya yi mini ba, tsokana ce irin ta manya. In na dawo daga aiki jikina duk fenti, sai ya ce ga birin kamfani ya sauko. Ya taɓa cewa a gaban mutane hawa ƙarfe ba jarumtaka ba ce, tunda ƙarfe ba ya motsi kuma ba ya tunkuyi. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Laifina na biyu ya fi wannan nauyi. Kwana uku ko huɗu kafin gardamar lemun, na makara a saman ƙarfen ina son ƙarasa wani sashe. Ina can sai na ji ladanin wani ƙaramin masallaci ya fara kiran magariba. Na duba yamma, ga rana ina kallonta, ja wur, ba ta gama nutsewa ba. Na yi mamaki, na ce ko ladanin ne yunwa ta sa ya yi gaggawa. Na sauko ban faɗa wa kowa ba.

To, da gardama ta yi zafi, sai Ticha ya kawo wata dabara. Ya ce mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa inda yamma take a buɗe, ɗaya ya hau sama. In na ƙasa ya ga rana ta ɓace sai ya yi alama. In duniya dunƙulalliya ce, na sama zai ci gaba da ganinta na ɗan lokaci, don yana leƙa ta bayan tozon. Yana faɗa na gane abin da na gani ke nan. Ticha ya juyo ya ce ga mai hawa nan a zaune, gobe in ya je aiki ya duba mana.

Da a ce na buɗe baki na ce ai na riga na gani, da wataƙila maganar ta ƙare a kan bencin nan. Sai na ce, “Ni in na gani na faɗa, Baffa ba zai yarda da maganar biri ba. Sai dai ya hau da kansa. Amma fa ƙarfe ba shi da wutsiyar da ake riƙewa.”

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya dube ni ya ce gobe bayan la'asar in jira shi.

Na sha tambayar kaina ko na zaci zai zo. Na fi so in ce ban zata ba, amma ƙarya ce. Na san irinsa. So nake ya zo, ya hau mataki goma, ya kasa, ya sauko a gabana.

Washegari ya zo, Ticha na biye da shi yana magiya. Maigadin wurin ya san ni, na ce masa akwai ragowar aiki kuma wannan dattijon zai riƙe mini gwangwani. Laifina na uku ke nan. Bel ɗin hawa guda ɗaya gare ni, mai ƙugiya da ake maƙalawa a jikin ƙarfe. Na miƙa wa Baffa, ya ce igiya a ƙugu ta ɗan maraƙi ce. Ban matsa ba. Na ɗaura abina.

A nan Ticha ya yi abin da a lokacin na ɗauka ragwanta ce. Ya riƙe hannun rigar Baffa ya ce, “Abeg, Baffa, na yarda. Duniya a shimfiɗe ne kamar tabarma. Gobe zan faɗa a gaban kowa. Mu koma gida, kana azumi.”

Baffa ya ce, “Ba yardarka nake nema ba, Ticha. Gani nake so in yi.”

Na ga fuskarsa sa'ad da ya faɗi haka, kuma na tabbata ba don ni kaɗai ya zo ba. Mutumin nan ya yi shekara talatin yana taka ƙasa, an ce masa ba yadda ya san ta take ba, yana so ya duba da idonsa. Ya cire takalmansa na roba, ya jingina sandarsa, ya yi bisimilla ya kama tsani. Muka bar Ticha da sufana a hannu, a kan in rana ta ɓace masa ya buga ƙafar ƙarfen.

Abin mamaki, da farko ya fi ni sauri. Ina biye da shi ina ganin tafin ƙafarsa mai kaushi yana kama matakai kamar ya saba. Muka wuce wurin hutawa na farko, muka wuce na biyu. Iska ta fara ƙarfi. Wanda bai taɓa hawa ba bai san ƙarfen nan yana lilo ba, kaɗan-kaɗan, kamar yana numfashi. Na ji Baffa ya ce a hankali, “Ashe yana motsi.” Na ji daɗin maganar nan, Allah ya yafe mini.

Saura kaɗan mu kai wurin hutawa na ƙarshe iska ta fizge malfarsa. Ya bi ta da ido. Ta yi ta juyi, tana tafiya, tana ƙanƙancewa, ta ƙi isa ƙasa. Duk mai hawa ya san ba a bin abin da ya faɗi da kallo, ni kuwa ban gaya masa ba. Da ƙyar ya ja jiki ya ƙarasa 'yan matakan, ya zauna a kan ɗan farantin ƙarfen, ya rungume ginshiƙi da hannu biyu. Da na iso kusa da shi na ga leɓɓansa sun bushe sun yi fari, gumi na zuba daga gemunsa.

Duk da haka ya ɗaga kai ya duba. Damina ta yi nisa, sama ta wanku. Ga Lafiya gaba ɗaya a ƙarƙashinmu, rufin kwano yana ƙyalli, ga layin dogo ya miƙe kudu wajen Agyaragu, ga kunyoyin doya kamar an jera ƙwai. Ya nemo rugarsa ya nuna mini da haɓa, don ba ya iya sakin hannu. Ya ce shanunsa sun koma kamar ƙwayar shinkafa. Sannan ya daɗe yana bin bakin sama da ido, daga kudu zuwa arewa, ya ce shi dai bai ga inda ta lanƙwashe ba. Ni ma na duba, ban gani ba.

Rana ta sauka ta taɓa ƙasa. Muna kallo ƙasanta ya fara shiga. Sai muka ji ƙarfen ya amsa a jikinmu, kau, kau, kau. Ticha ne yake bugawa, wato a wurinsa ta ɓace. Mu kuwa ga fiye da rabinta a gabanmu. Jim kaɗan ladanin nan ya ɗaga murya.

Ina da ruwan leda biyu da dabino a aljihu. Na ga idon Baffa yana juyawa, kansa yana rinjaya gefe, na san jiri ne. Na huda leda da haƙori na kai bakinsa na ce, “Baffa, sha, an kira salla.”

Ya kawar da kai. Ya ce, “Su ta faɗi musu. Ni ga ta ina gani.”

Na ce ya dubi Allah ya sha, zai faɗo. Ya ce ba zai karya azumi yana kallon rana ba.

Ba na jin abin ya wuce minti ɗaya ko biyu, amma ban taɓa ganin rana mai nawa irin ta ranar ba. Na cire bel ɗina, na zagaya shi a ƙugunsa, na maƙala ƙugiyar. Wannan karon bai ce komai a kan ɗan maraƙi ba. Na riƙe wuyan rigarsa, muka zuba wa jan bakin nan ido yana raguwa, ya koma kamar gefen faranti, ya koma kamar zare, ya ɓace. Sai ya ce bisimilla, ya buɗe baki na matsa masa ruwan, don har lokacin hannuwansa suna ƙage a jikin ƙarfe. Ya sha duka biyun, ya tauna dabino. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ɗana, hannuwana sun mutu. Ban san yadda ake sauka ba.”

Ga abin da na so in ji, na kuma ji. Babu ko ɗigon daɗi a ciki. Abin da ya zo mini shi ne fuskar matarsa, wadda muke kira Inna, da 'ya'yansa biyar, da abin da zan ce musu.

Yatsa ɗaya-ɗaya na ɓamɓare hannunsa. Na shiga ƙarƙashinsa, kaina tsakanin ƙafafunsa. In kama diddigensa in ɗora a mataki, in miƙa hannu in cire ƙugiya in maƙala a ƙasa, in sake kama ɗaya diddigen. Haka muka yi ta yi, haske yana ƙarewa. Kada wani ya ce na yi jarumtaka don na sauko ba bel. Tsoro ne zalla yake tuƙa ni. Sau biyu ƙafarsa ta zame ta sauka a kafaɗata, sau biyu na ga mutuwata. Daga ƙasa muna jin Ticha yana addu'a da yarensu, yana katsewa yana cewa, “Sannu-sannu, Baffa, saura kaɗan,” tun muna can sama inda ba kaɗan ba ne ya rage.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya zauna daɓas, ya dafa ta da tafin hannu biyu. Ticha ya tsinto malfar a cikin gona, ya ɓare lemu ya ba shi. Na lura bai tambaye shi komai ba, ko kalma ɗaya a kan rana. Baffa ne da kansa, bayan mun yi salla a nan gindin ƙarfen, ya ce, “Ticha, lokacin da ka buga, tana nan.” Ticha ya ce a bar maganar. Baffa ya ce ba za a bar ta ba, abin da ya gani ne.

Kashegari a kan benci, mutane sun taru suna jiran labari, ni kuma na shirya jin yadda zai gyara shi. Bai gyara komai ba. Ya ce ya ga rana bayan an kira salla. Ya ce bai ga lanƙwasa ba, kuma har yanzu bai gane yadda kogi yake zama a bayan lemu ba, amma akwai wani abu a maganar Ticha da shi bai sani ba. Sannan ya ce ya ji tsoron da bai taɓa ji a cikin Binuwai ba, kuma wannan yaron ne ya sauko da shi kamar jariri. Wasu suka ce ai duk da haka ya cika namiji. Wani dattijo ya ce wauta ce kawai, kuma da ya sha ruwan nan a halin da yake ciki babu laifi a kansa, sai ya rama. Aka koma gardama sabuwa a kan ko jarumtaka ce ko ganganci.

Inna ce ta ba da amsar da ta fi tsaya mini. Na je rugar gaishe shi, ta ajiye mini ƙwaryar fura in tafi da ita don buɗa-baki, ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ta ce an gaya mata mun hau duba ko ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ko dunƙulalliya. Na ce haka ne. Ta ce, “Da ya faɗo, wacce daga ciki ce za ta fi yi masa laushi?” Ta ƙara da cewa shi ya tafi neman sani, ita da yara aka ajiye a matsayin waɗanda za su ɗauki asarar, kuma ba wanda ya tambaye su.

Na yi fiye da shekara ina ɗauke da sauran maganar. Baffa yana ta yabona a gari, yabon yana ƙona ni. Wata rana na same shi shi kaɗai yana ɗaure maraƙi, na gaya masa duka: cewa na riga na ga ranar nan kwanaki kafin mu hau, na yi shiru, na zuga shi don ya kira ni biri. Ya gama ɗaurin tukuna, sannan ya ce, “Da ka faɗa mini, ba zan yarda ba, sai na hau.” Na fara jin sauƙi. Sai ya ƙara, “Amma da ka faɗa, da wautar tawa ce ni kaɗai. Yanzu ta mu biyu ce.” Ya ce ya yafe, kuma in daina ɗaukar wasa da zafi. Bai sake ce mini biri ba har ya bar duniya, ni kuwa na yi kewar sunan.

Har yau in na ji ana yaba wani don ya sa ransa a haɗari ya tabbatar da abin da ya yarda da shi, sai in tuna yammar nan in yi ta juya ta. Ba zan ce Baffa ba jarumi ba ne. Son sanin da ya kai shi sama na gaske ne, kuma ni ma ina da irinsa. Amma amsar tana aljihun wani a kan bencin da yake zaune, kuma rayuwar da ya ɗauka ya hau da ita ba tasa ba ce shi kaɗai. In an tambaye ni inda na ga ƙarfin zuciya a labarin nan, ba a tsani na gan shi ba. Na gan shi wurin Ticha, da ya yarda a ce shi ne bai san komai ba don abokinsa ya koma gida da rai. Na gan shi wurin Baffa washegari, da ya zauna a gaban mutanen da suka san shi da Binuwai ya ce na gani, ban gane ba, kuma na ji tsoro.

Abin da na koya wa kaina shi ne, in mutum yana tsaye a bakin haɗari, kada in zama mai cewa in ka isa. Kuma in na san wani abu da zai iya tsayar da shi, in faɗa tun muna ƙasa, ko da na tabbata ba zai yarda ba.